Zauren Shari'a: Alƙali ya gaskata matar da ta ce ta ga yayana, me kotun ɗaukaka ƙara za ta duba?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya iyali? Don Allah a sakaya sunana.

Wata biyu ke nan da Babbar Kotu ta yanke wa yayana hukuncin kisa, wai shi ya kashe wani mutum da suka taɓa rigima a kan bashi. Da dare aka yi kisan a ƙofar gidan mamacin, kuma babu wuta a daren. Matar mamacin ce babbar mai shaida. Ta ce ta leƙo ta taga, ta haska tocila, ta ga Yaya riƙe da wuƙa. Amma Barista, washegari da 'yan sanda suka ɗauki bayaninta, cewa ta yi ta ga "wani dogo mai baƙar riga" yana gudu. Ba ta kira sunan kowa ba, alhali ta san Yaya shekara da shekaru. Sai bayan kwana tara ta koma ta ce shi ne. Maƙwabcinsu ya ce ƙarfe goma ya ji ihu, ita ta ce sha ɗaya. A kotu ta yi ta kuka, alƙali ya rubuta cewa ya dube ta ya ga alamar gaskiya a tattare da ita. Ni da Mama mun ba da shaida cewa a daren Yaya yana asibiti yana jinyar Baba, alƙali ya ce mu 'yan'uwansa ne, dole mu kare shi. To ita fa, ba matar mamacin ba ce? Yanzu lauyanmu ya ce za a ɗaukaka ƙara, amma wai a can ba a kiran shaidu. Idan ba za su kira ta su titsiye ta ba, ta yaya za su gane ƙarya ta yi?

Daga wata mai karatu

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba iyalinsa haƙuri, ku kuma ya kawo muku mafita. Bakinki kawai na ji, ban ga kundin shari'ar ba, don haka abin da zan faɗa ki kai wa lauyanku ya auna da abin da ke hannunsa.

Bari in fara da abin da ba ki tambaya ba. Kin ce wata biyu. Idan a Najeriya aka yi shari'ar, kwana 90 doka ta bayar a shigar da takardar ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu a shari'ar laifi. Ki tambayi lauya yau ko ya shigar, ya nuna miki kwafin da ke ɗauke da hatimin kotu.

Lauyanku bai yi miki ƙarya ba. Ranar da kika shiga kotun ɗaukaka ƙara za ki ga alƙalai uku a sama, lauyoyi a ƙasa, babu mai rantsuwa, babu mai kuka. Abin da ke gaban kowane alƙali shi ne kundi: duk abin da shaidu suka faɗa kamar yadda alƙalin farko ya rubuta, da takardun da aka karɓa a matsayin hujja, da hukuncin kansa. Sai hujjojin da lauyoyin ɓangarorin biyu suka rubuto tun kafin ranar. Sau da yawa zaman ba ya kai awa guda. Haka tsarin yake a ƙasashen da suka gaji dokar Ingila. Akwai inda ba haka ba ne: a Faransa, tun 2001, wanda aka samu da babban laifi irin kisa idan ya ɗaukaka ƙara, sabuwar shari'a ake yi masa daga farko, a sake kiran shaidu. Mu ba mu da wannan.

Tunda kuwa ba su ga matar ba, suna ɗari-ɗari da taɓa abin da wanda ya gan ta ya ce. Kotun ƙolin Birtaniya ta wancan zamani ta shimfiɗa ƙa'idar a 1947 a shari'ar Watt da Thomas, kuma har gobe ita ake bi: alƙalin da ya ga mai shaida, ya ji muryarsa, yana da wata dama da mai karanta takarda ba shi da ita. Akwai gaskiya a ciki. A kundi za ki ga an rubuta "Eh, shi ne." Ba za ki ga cewa sai da aka maimaita tambayar sau uku ba, ko sai da mai shaida ya waiwayi wani a bencin baya kafin ya amsa. Saboda haka duk lauyan da ya tashi ya ce "ranku ya daɗe, matar nan ƙarya ta yi, bai kamata a gaskata ta ba," ya yi shiru, to ya faɗi tun kafin ya zauna.

Sai dai ba a ce alƙalin farko ya gaskata wanda ya ga dama ya tafi ba. Dole ya faɗi dalili, kuma dalili abu ne da ake rubutawa, ana karantawa, ana iya kama shi da kuskure. Alƙalan sama suna shiga idan ya tsallake wata hujja mai nauyi bai ce komai a kanta ba, ko ya gina hukunci a kan abin da babu wanda ya faɗa, ko abin da ya gaskata ya ci karo da abin da ba ya musantuwa. Misalin da nake so shi ne na Ostireliya, shari'ar Fox da Percy, 2003. Wata mata a kan doki ta yi karo da mota. Alƙalin farko ya gaskata mai dokin cewa motar ce ta shigo hannunta. Amma ɗan sandan da ya je wurin ya tarar da sawun birki a kan titi, kuma a hannun mai motar yake. Kotunan sama suka ce komai kyawun yadda mai shaida ta yi magana, ba za ta goge sawun taya ba. To aikin lauyanku shi ne ya nemo irin wannan sawun a cikin kundinku.

Game da kukan da ta yi da abin da alƙali ya gani a fuskarta, zan faɗi ra'ayina. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma shekarun da na yi ina kallon akwatin shaida sun rage mini imani da wannan karin magana. Na ga mai gaskiya yana rawar murya yana zufa don bai taɓa shiga kotu ba, na ga maƙaryaci yana zuba kamar karatun hadda. Wasu masana biyu, Bond da DePaulo, sun tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2006, suka tarar mutane suna dacewa wajen bambance mai gaskiya da maƙaryaci kusan kashi 54 cikin 100 ne kawai, wato kaɗan ya fi canke. Kukan matar da aka kashe wa miji kuwa abin da yake tabbatarwa shi ne an kashe mata miji. Bai faɗi wanda ya kashe shi ba.

Nan ne nake so ki sauya tunani, ko da zai yi miki ɗaci. Ki daina cewa ƙarya ta yi. Mai yiwuwa ne matar nan ta yi imani har zuciyarta cewa yayanki ta gani, kuma ta yi kuskure. Wannan ya fi ƙarya haɗari, domin maƙaryaci ana iya tuntsurar da shi da tambaya, amma wanda ya yi kuskure da zuciya ɗaya duk yadda aka juya shi yana nan a kan bakansa, kuma alƙali zai ga gaskiya a fuskarsa, don da gasken yake. Kama da wane ba ta wane. A Landan an ɗaure wani Adolf Beck a 1896, aka sake samunsa da laifi a 1904, duka a kan shaidar mata da dama da suka rantse shi ne ya damfare su. Babu wadda ta shirya ƙarya a cikinsu, wani mutum daban ne ya damfare su. Abin kunyar da ya biyo baya yana cikin dalilan kafa kotun ɗaukaka ƙarar laifuka a Ingila a 1907. A jihar Maryland ta Amurka an yanke wa Kirk Bloodsworth hukuncin kisa a 1985 kan kashe wata yarinya, mutum biyar suka ce sun gan shi, sai a 1993 gwajin DNA ya wanke shi.

Irin wannan kuskure ne ya sa kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta kafa ƙa'idojin shari'ar Turnbull a 1976, waɗanda kotunan ƙasashe da yawa, har da Najeriya, suke aiki da su. Idan tuhuma ta rataya a kan "na gan shi," dole alƙali ya gargaɗi kansa cewa mai gaskiya yana iya yin kuskure, sannan ya bi yanayin ganin daki-daki. Ɗauki tagar nan da kika ambata. Taku nawa ne daga tagar zuwa ƙofar gida? Da ƙarfe ko labule a jikinta? Tocilar ta waya ce ko babba? Fuskarsa ta haska ko bayansa, tunda a bayanin farko cewa ta yi yana gudu? Daƙiƙa nawa ta yi tana kallonsa? Mutumin da ya ga wuƙa, idonsa a kan wuƙar yake tsayawa, ba kan fuska ba. Lauyan gwamnati zai ce ai ba baƙo ta gani ba, wanda ta sani ne, kuma gane sananne ya fi ƙarfi. Haka ne, amma hukuncin Turnbull da kansa ya ce ana kuskuren gane ɗan'uwa na jini da aboki na kusa. Wa bai taɓa ɗaga wa wani hannu daga nesa ba, sai da ya matso ya ga ba shi ba ne? Idan alƙalinku ya rubuta shafi guda a kan hawayenta, bai rubuta layi ɗaya a kan haske da nisa ba, wannan dalilin ɗaukaka ƙara ne mai kyau.

Yanzu ga abin da ya fi komai nauyi a wasiƙarki: kwana taran nan. Kotuna sun daɗe suna cewa wanda ya ga mutumin da ya sani yana aikata laifi, sunansa ne zai fara fita daga bakinsa da zarar ya sami dama. Ba a siffanta maƙwabci da "wani dogo." Idan mai shaida ta yi haka, sannan ta dawo da suna bayan kwanaki, dole a ji dalilinta. Dalilin yana iya karɓuwa: tsoro, barazana, ruɗewar wadda ta kwana da gawar mijinta. Amma daga bakinta dalilin zai fito a kotu, ba alƙali ne zai ƙirƙiro mata ba. Kotun Ƙolin Najeriya ta faɗi haka tun 1974 a shari'ar Onubogu: saɓani a kan muhimmin abu, mai shaida ne zai warware shi, kotu ba za ta tsinci wanda ya yi mata daɗi ta yar da ɗayan ba. Abin tambaya kuma, su wa suka shiga suka fita wurinta a cikin kwanakin nan na zaman makoki, kuma sunan wa ake ta ambata a tabarmar gaisuwa? Tunanin mutum yana shan abin da kunne ya ji har ya ɗauka idonsa ne ya gani.

Amma duk wannan yana rataye da tambaya ɗaya: bayanin nata na farko yana cikin kundi? Ba a jakar lauya ba, ba a fayil ɗin 'yan sanda ba, a kundi. Sashe na 232 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya ce kafin a ƙaryata mai shaida da abin da ya rubuta a baya, sai an ja hankalinsa zuwa ga ainihin wurin da ake nufi. A aikace, a karanta mata layin, a tambaye ta, a miƙa takardar kotu ta karɓa ta sa mata lamba.

Wannan darasi da zafinsa na koye shi. Ina shekara ta uku da fara aiki na kare wani saurayi, Allah ya taimake ni shari'ar rauni ce ba ta kisa ba. Ina da bayanin mai shaida na farko a hannuna, ya saɓa da abin da ya faɗa a kotu ƙarara. Na tambaye shi, "Ba ka faɗa wa 'yan sanda wani abu daban ba?" Ya ce a'a. Ni kuma na yi murmushi na zauna, a raina na kama shi, zan fasa ƙwai a jawabin ƙarshe. Ban karanta masa ba, ban miƙa takardar ba. Da muka je sama na tashi ina ɗaga ta, ina ta bayani. Shugaban alƙalan, wani dattijo mai magana a hankali, ya sauke tabarau ya ce, "Lauya, shafi na nawa?" Na ce ranka ya daɗe ba ta cikin kundi, amma ga ta nan. Ya ce, "To ka mayar da ita jakarka." Har yau idan na buɗe kundi, jerin takardun da aka karɓa nake fara dubawa kafin hukuncin.

Maganar ƙarfe goma da sha ɗaya, ki bar ta. Babu mai duba agogo lokacin da ake ihu, kuma alƙalai sun fi zargin shaidun da bakinsu ya zo ɗaya har wasali, don alamar an yi musu bita ce. Saɓanin da ke rushe shari'a shi ne wanda ya taɓa zuciyar tuhuma: wa ya yi, da me, a ina. Lauyan da ya cika takardarsa da ƙananan saɓani goma sha biyar yana binne babban guda ɗaya ne da hannunsa. Sai fa idan awa gudan nan ita ce ta raba lokacin da aka ga yayanki a asibiti da lokacin da ba a gan shi ba. A nan ta zama babba.

Kin tambaya, ita ba matar mamacin ba ce? Na gane inda tambayar ta fito, musamman ga wanda ya saba da fiƙihu, inda ake tsarkake shaidu tun kafin a saurare su, kuma ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa ko ta uba don amfanin ɗansa. Dokar da Babbar Kotu ke bi ba ta hana irin waɗannan magana. Tana sauraron kowa, sannan ta auna. Dangin mamaci shaidu ne cikakku, kuma sau tari su kaɗai ne a wurin. Kotun Ƙolin Indiya ta kawo hujja a 1953, a shari'ar Dalip Singh, cewa ɗan'uwan mamaci shi ne na ƙarshe da zai rufa wa ainihin mai kisa asiri ya laƙa wa marar laifi. Kuma shaidar mutum ɗaya tak tana isa a yanke hukunci idan ta yi ƙarfi. Amma ma'aunin ɗaya ne ga kowa. Idan zumunci bai zubar da shaidarta ba, bai isa shi kaɗai ya zubar da taki da ta Mama ba. Alƙalin da ya ce "'yan'uwansa ne" ya wuce, bai auna abin da kuka faɗa ba, ya bar ƙofa a buɗe.

Duk da haka kada ki ɗora buri da yawa a kan shaidarku. Abin da alƙalan sama za su nema shi ne yaushe yayanki ya fara cewa yana asibiti. Idan tun ranar da aka kama shi ya faɗa, ya ba da sunan asibitin da ɗakin da waɗanda suka gan shi, nauyi ya hau kan 'yan sanda su je su bincika, kuma rashin zuwansu abin kamawa ne. Ba shi ne zai tabbatar ba ya wurin kisan ba, masu ƙara ne za su tabbatar yana wurin ba tare da kokwanto mai ma'ana ba. Idan kuwa sai a akwatin shaida maganar asibiti ta fara fitowa, ta yi rauni sosai. Ma'aikaciyar jinya ɗaya da ke aikin dare, ko katin kwantar da Baba mai kwanan wata, da sun fi ku biyun nauyi, ba don kun fi su ƙarya ba, sai don ba su da abin samu ko rasawa.

Rigimar bashin ma wuƙa ce mai baki biyu. Masu ƙara za su ce ita ce dalilin kisa. Lauyanku zai ce ita ce dalilin da sunan yayanki ya faɗo wa mutane a rai da aka rasa wanda za a nuna.

Ko za a iya kawo sabuwar shaida a sama? Ana yi, amma da ƙyar. Sai an nuna ba a iya samunta lokacin shari'ar farko ba duk da ƙoƙari, kuma abin gaskatawa ce, kuma da an ji ta da tana iya sauya hukunci. Katin asibitin da ke cikin akwatinku tun farko zai yi wuya ya tsallake sharaɗin farko. Kuma ina roƙonki, kada ke ko wani naku ya je wurin matar nan, ko da sunan ban haƙuri, ko ta hannun dattawa. Kotu tana kallon mai shaidar da ya janye maganarsa bayan hukunci da idon zargi, ku kuma kuna iya jawo wa kanku tuhumar taɓa shaida.

Ki sa ƙarfinku duka a wannan matakin. Idan kotun ɗaukaka ƙara ta yarda da ta farko, akwai sauran Kotun Ƙoli, amma ba kasafai take taɓa abin da kotuna biyu suka haɗu a kai game da yadda abu ya faru ba. Ki nemi lauya ya zauna da ke da kundin, ya nuna miki da yatsa shafin da bayanin matar na farko yake, da shafin da aka tambaye ta a kansa, da abin da alƙali ya ce game da shi.

TAMBAYA TA BIYU

Barista, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne. Idan aka kama wanda ake tuhuma da kisa ya yi wa 'yan sanda ƙarya a kan inda yake, ba shi ke nan ya tona wa kansa asiri ba?

AMSA

A'a, ɗana, ba kai tsaye ba. Ka nemi shari'ar Lucas ta Ingila, 1981. Kafin ƙaryar wanda ake tuhuma ta zama abin ƙarfafa tuhuma, sai ta kasance da gangan ya yi ta, a kan abu mai muhimmanci, an tabbatar ƙarya ce ta wata hujja daban, kuma babu abin da ya sa shi yin ta sai sanin yana da laifi. Wannan na ƙarshen ne mai wuya. Mutum yana ƙarya don tsoron duka, ko don ya rufa wa ƙaninsa asiri, ko don inda yake a daren wuri ne da ba ya so matarsa ta ji. Idan alƙali ya tsallake daga "ya yi ƙarya" zuwa "shi ya kashe" bai tsaya ya kore waɗannan ba, kotun sama tana iya rushe hukuncin, sai dai idan sauran hujjojin sun isa su tsaya da ƙafarsu.